Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Neman Kakannina na Adabka?

TAMBAYA

Ni haifaffen Adabka ne ta ƙaramar hukumar Bukkuyum, amma yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Gusau. Kwanan baya wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila ya ba ni labarin wani tsoho ɗan ƙauye da ya zauna a gidansa. Tsohon ya nuna masa takarda mai ɗauke da sunayen kakanninsa manoma na kusan shekara ɗari uku, da lokacin haihuwar kowa da aurensa da mutuwarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Ni iyakacin sanina sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na kakana, sai na uku wanda laƙabinsa kawai nake ji, wai Nomau. A wurin wani biki maroƙi ya ce mu jinin Sarakunan Zamfara ne na Anka, har na yi masa kyauta. Da na kai wa kakata labari, wato mahaifiyar babana, wadda ke zaune wurin gwaggona a Gummi tun da rashin tsaro ya tashe su, sai ta yi dariya. Ta ce Nomau manomi ne, uwarsa kuma daga ƙetaren Gulbin Ka aka kawo ta. Daga nan ta ja bakinta. Malam, wa zan gaskata? Akwai ofishin da zan je in sami sunayen nan a rubuce? Gwajin asali kuma da ake talla a intanet, zai amfane ni?

Naka, wani malamin makaranta, Gusau.

AMSA

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa tsohuwa lafiya, ya mayar da mutanen Adabka da kewaye gidajensu cikin aminci.

Ɗana, kakarka za ka gaskata, kuma wurinta za ka fara, tun kafin watan nan ya mutu in Allah ya nufa.

Bari mu kawar da maganar Bature tukuna, kada ta sa ka raina naka. Tsohon nan ba haddace kakanninsa ya yi ba, hukuma ce ta rubuta masa su. A 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, babban na hannun damarsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace majami'a ta ajiye littafin da za a riƙa shigar da duk jaririn da aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk mamacin da aka binne. A 1837 gwamnati ta kafa rajistarta ta haihuwa da aure da mutuwa. Daga 1841 ƙidayar da suke yi duk shekara goma ta fara ɗaukar sunan kowane mutum a gida, da shekarunsa da sana'arsa. Ga shi kuma suna da sunan zuriya guda wanda ɗa ke gada daga uba ba ya canzawa. Mai wannan gata, ko ɗan ƙodago ne kakansa, zai same shi a takarda. Mu kuwa dokar rajistar haihuwa da mutuwa da ake aiki da ita yau ta 1992 ce, kuma kai da ke koyarwa ka fi ni sanin yawan ɗalibanka da ba su da takardar haihuwa. Saboda haka babu ofishin da za ka shiga a buɗe maka littafi a ce ga Nomau, ga ubansa. Takardu akwai su, zan zo kansu, amma shaida suke ƙarawa. Tushen labarin yana bakin mutane.

Ka san kuma tun yanzu iyakar tafiyar da za ka iya yi, don kada ka karaya. A layin maza, tsakanin uba da ɗa yakan kai shekara talatin zuwa talatin da biyar, wani lokaci ya zarce, tunda namiji kan ci gaba da haihuwa har tsufansa. In an haife ka wajen 1995, mahaifinka zai faɗo wajen 1960, kakanka wajen 1925, Nomau wajen 1890, ubansa wajen 1855, kakansa kuma wajen 1820. Ka ga sunaye biyu kacal a bayan Nomau za su kai ka shekarun da suka biyo bayan jihadi. Gidan talaka da ya tabbatar da kakanni biyar ko shida, da garuruwan da suka zauna da sana'ar da suka yi, ya yi babban aiki.

To, yaya ake zama da tsohuwa? Kada ka shiga da littafi da biro kamar malamin haraji. In ka ce mata “Kaka, lissafa mini kakanninmu,” amsar da za ka samu ita ce, “Mi kaka biɗa ga waɗanda sunka wuce?” Ka tafi da goronta da ɗan abin da take so, ka kwana biyu, ka zauna bayan la'asar lokacin da take ɓare gyaɗa ko tsince wake. Ka nemi izininta ka kunna abin ɗaukar murya na wayarka, ka ajiye ta gefe ka manta da ita. Ka tambaye ta abin da ta gani da idonta. Ranar da aka kawo ta amarya, wa da wa ta tarar a gidan? Ɗakin wa ke kusa da zaure? Wa ke raba hatsi daga rumbu? In an yi haihuwa, waɗanne garuruwa ake aika wa goron suna? In an yi rasuwa, su wa ke zuwa daga nesa su kwana bakwai? Amsar waɗannan biyun na ƙarshe ita ce taswirar danginku, domin ba a kai goro inda babu zumunta. Mata ne ke riƙe da wannan lissafi, su ke zuwa biki, su suka san wa ake bi gudummawa kuma ta wace hanya aka haɗu. Dubi Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, labarinta ya fito littafi a 1954. Ba ta yi boko ba, amma ta zayyana kakanninta da aurarrakinsu da rinjin bayinsu da harin mahara, har yau masana na komawa gare ta. Kakarka irinta ce, sai dai ba a taɓa zama an tambaye ta ba.

Ka lura da wani abu game da Nomau. Surukinta ne, uban mijinta. Macen zamaninta ba ta kama sunan suruki, ba ta kama na miji, ba ta kama na ɗan fari. Ba mamaki ta san sunansa na yanka sarai, kunya ce ta hana. Hanyar da za ka bi ita ce ta takwara. A gidajenmu suna ba ya ɓata, mayar da shi ake yi. Duba cikin baffanninka da 'ya'yansu, wane ne tsofaffin matan gidan ba sa kiran sunansa, sai dai su ce Baba, ko Abba, ko Maisuna? Ka tambayi gwaggonka sunan wa aka mayar masa. Sau da yawa a nan sunan da ake nema yake, yana yawo a tsakar gida kowa na gani. In ka samo, ka faɗa a gaban kaka. Ba sai ta furta ba, gyaɗa kai ya isa. Haka za ka yi da mata: yarinyar da ake ce wa Inna, ko Iya, ko Uwa, akwai tsohuwar da take ɗauke da sunanta.

Laƙabin kansa ba abin yarwa ba ne, labari yake ba ka. Nomau da damina aka haife shi, lokacin noma. Tanko ya biyo bayan mata, saboda haka yana da yayye mata da ya kamata ka nemi inda aka aurar da su. Gambo ya biyo tagwaye. Abarshi da Ajuji na nuna uwa ta sha binne 'ya'ya kafin su. Auta shi ne na ƙarshe. Amma akwai tarko uku da nake so ka kiyaye. Na farko riƙo: yaro ya tashi hannun baffansa ko kawunsa ko mijin uwarsa, aka kai shi makaranta aka rubuta shi da sunan mai riƙon, jikoki suka tashi suna ɗauka shi ne uban. Na biyu maimaituwar suna: Muhammadu ya haifi Abubakar, Abubakar ya mayar da Muhammadu, bayan shekara tamanin sai a haɗe Muhammadu biyun su zama mutum ɗaya, tsara guda ta faɗi. Na uku, wa da ƙane da suka riƙe gida ɗaya bayan ɗaya, baki kan mayar da su uba da ɗa. Maganin duka ukun tambaya ɗaya ce da za ka riƙa maimaitawa: wace ce uwarsa? Uwa ce ke raba Muhammadu da Muhammadu.

Shekaru kuma kada ka tambaya da lamba. Ka tambaya da abin da ya faru. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, aka yi yaƙin Satiru a 1906. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, annobar mura ta biyo a 1918. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929. An naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938. A shekarun yaƙin Hitila an kwashi samari zuwa Bama, an kwashi wasu aikin tilas na haƙar kuza a Jos, kuma a 1942 aka yi yunwar da wurare da dama ke kira 'Yar Gusau. An kashe Sardauna a Janairun 1966, aka canja kuɗi zuwa naira a 1973, shekarar babban fari. Idan kaka ta ce tana goyon babanka aka kashe Sardauna, ka sami shekararsa. Idan ta ce surukinta ya ba ta labari yana yaro mai kiwon awaki Nasara ya shigo, ka sami ta Nomau, da kuskuren da bai wuce shekara biyar ba. Kowane yanki yana da sunan da ya raɗa wa yunwarsa da farinsa, ka rubuta yadda ta faɗa, daga baya ka daidaita. Kuma kada rashin takamaimiyar rana ya dame ka. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ɗan gidan ilimi ne, mahaifinsa alƙali ne a Gummi, ya kuma bar tarihin rayuwarsa a littafin da Isma'ila Tsiga ya taya shi rubutawa, wanda ya fito a 1992, shekarar da ya rasu. Duk da haka za ka ga wasu sun rubuta an haife shi a 1922, wasu 1924. In haka ta faru ga malamin da duniya ta sani, ba abin kunya ba ne ka rubuta “wajen 1890” a gaban sunan manomi.

Yanzu maroƙi. Ba na zargin sa, sana'arsa ya yi, kuma maroƙan gaske da sankirorin fada taska ne. Makaɗan fada irin su Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo sun adana jerin iyaye da kakannin sarakuna masu yawa a cikin waƙoƙinsu. Sai dai maroƙin da ya gaji yi wa gida guda hidima daban, wanda ya gan ka da babbar riga a wurin biki daban. Na farkon in ya yi kuskure akwai dattawan da za su tsawata masa. Na biyun babu mai tuhumarsa.

Amma akwai dalilin da ya sa maganar “mu daga gidan Sarkin Zamfara muke” ta yawaita a yankinku, kuma yana cikin tarihi. Wajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, can kusa da Isa ta yau, ya kafa Alƙalawa. Gidan sarautar Zamfara ya shiga ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, ya zauna Kiyawa, ya zauna Sabon Gari, har ya tabbata a Anka bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Sarki ba ya ƙaura shi kaɗai. Da shi aka taso da maƙera da majema da masaƙa da marina da mahauta da makaɗa da malamai da barori da bayi, da manoman da suka ƙi zama ƙarƙashin Gobir. Gidaje da yawa a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi za su iya cewa “kakanninmu sun zo tare da Sarkin Zamfara,” kuma gaskiya suka faɗa. Bayan tsara uku ko huɗu, a bakin mai son faranta maka rai, “sun zo tare da shi” ta koma “'ya'yansa ne.” Gane bambancin ba wuya. Gidan sarauta ya san rassansa, domin gadon karaga a kansu ya rataya. Ka je fadar Sarkin Zamfaran Anka da ladabi, ta hannun wanda ya san ka, ka tambayi dattawan fada ko akwai ɗan sarki da ya fita ya zauna wajen Adabka. Ka tambayi kanka kuma: an taɓa aiko wa gidanku in an yi rasuwa ko naɗi a Anka? Akwai wanda ya taɓa riƙe sarautar 'ya'yan sarki a cikinku? In babu ko ɗaya, ka ajiye maganar. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke kwaɗaitar da mu sanin nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunta da shi, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Ina baƙin cikin yadda gidaje da dama suka share kakanninsu na gaskiya, maƙera da masunta da manoma, suka liƙa kansu ga wani sarki ko wani Balarabe da aka ce ya taso daga gabas. Mutumin da ya sare dajin da kuke nomawa, ya haƙa rijiyar da kuka sha, shi ya cancanci a riƙa ambatonsa ana yi masa addu'a.

Shirun da kakarka ta yi a kan uwar Nomau shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwarka. Kudu da ku, ƙetaren Gulbin Ka, ƙasar Zuru ce da maƙwabtanta, ƙasar Dakarkari da Dukawa da Kambari da wasunsu. Tsakaninku da su akwai kasuwa da auratayya tun da daɗewa, akwai kuma waɗanda yunwa ta sa suka ƙetaro. Akwai hari da kamen bayi ma, musamman a ƙarni na 19, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. “Aka kawo ta” na iya nufin amarya, yana iya nufin baiwa. Kada ka yanke hukunci, kada kuma ka matsa wa tsohuwa a zama ɗaya. Ka bari sai kuna ku biyu. Ka tambaye ta ko matar tana da tsaga, wace iri, ko tana jin wani yare, ko danginta sun taɓa zuwa, ko akwai abincin da ita kaɗai ta iya. Wadda danginta ke zuwa suna da biki aure ne ya kawo ta. Wadda ba a taɓa ganin kowa nata ba, ka fahimci sauran.

In ta tabbata baiwa ce, ka rubuta ta, da sunanta in an samu, da garinsu in an tuna. A shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, nasabarsa ta ubansa ce, yana gado kamar kowa, kuma sarakuna da manyan malamai da yawa a ƙasar Hausa ta wannan hanya suka zo duniya. In ma ta wajen uba bautar ta shigo, zaluncin yana kan wanda ya kama, ba wanda aka kama ba. Dokar Lugard ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa, amma gorin bai mutu ba, har yau yana ɓata aure a wasu gidaje. Shi ya sa nake roƙonka abu ɗaya: naka kana da ikon faɗa, na wani gida da ka ji a cikin bincike amana ce. Kada ka sa shi a Facebook, kada ka kai shi majalisa.

Bayan kaka, sai sauran masu riƙe da labari, kuma ka fara da wanda ya fi tsufa. Wanzamin gidanku, in na gado ne, ubansa ne ya yi wa ubanka kaciya da aski, kakansa ya yi wa kakanka tsaga. Ya san tsagar gidanku, ya san ko ta Zamfarawa ce ko ta Gobirawa ko ta Kabawa ko ta Katsinawa, kuma tsaga ba ta bin son rai kamar baki. Limamin unguwa shi ke raɗa suna da ɗaura aure, malamai da yawa kuma kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon Alƙur'ani ko a gefen littafi, saboda haka ka roƙi a buɗe maka gafakar tsohon liman. Ka tambayi gidanku da wa suke wasan taubasantaka, domin kamar yadda Fulani ke yi da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, abokin wasa na nuna inda mutum ya fito. Ka tambayi tarihin gonakinku: wacce aka gada, wacce aka saya, wacce ake kira da sunan mutum, da wa kuke iyaka. Gonaki biyu da ke manne, masu su kuma ba sa sayar wa bare, yawanci gandu ɗaya ne aka raba. Sai dai a nan ka taka a hankali, ka bayyana tun farko cewa ba gado kake nema ba, in ba haka ba ƙofofi za su rufe.

Ban ce ka tafi kufai ko tsohuwar maƙabarta a wannan hali ba. Ranka ya fi. Harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, da abin da ke ta faruwa kafin nan da bayan nan, ya watsa gidaje ya kuma tara tsofaffin ƙauyuka da dama a cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum da Gusau. Dattawan da a da sai ka yi yini a kan babur kafin ka gan su, yau wasunsu suna unguwa ɗaya da kai, a gidan haya ko a zauren wani. Suna cikin kewa, kuma babu abin da ke sanyaya musu rai kamar a tambaye su labarin garinsu. Ga tsufa, ga baƙin ciki, ga rashin abinci mai kyau: irin waɗannan tsofaffi ba sa daɗewa a gudun hijira. Wannan ne dalilin gaggawar da nake yi maka.

Takardu kuwa, ga inda suke. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Sakkwato, waɗanda ake nema da alamar SOKPROF. A ciki akwai rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta lokacin ƙiyasta haraji, gunduma gunduma, da sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan masu biyan haraji da sana'o'i da ɗan tarihin kafuwar gari. Ka nemi na Anka da na Gummi da na Bukkuyum, ka kuma tuna Turawa kan rubuta na ƙarshen “Bukwium”. Da wuya ka ga sunan Nomau, amma kana iya ganin dagacin da kaka ta ambata, ka san shekarunsa. A nan Kaduna akwai Gidan Arewa, a Sakkwato kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Kurt Krieger, wani Bajamushe, ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950 ya tattara tarihin Zamfara da jerin sarakunanta daga bakin dattawa, ya buga a Balin a 1959 da Jamusanci. Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Fadar Sarkin Mafaran Gummi da ta Sarkin Dankon Bukkuyum kowacce tana da jerin sarakunanta, wanda zai fassara maka “zamanin Sarki wane” zuwa shekaru. Takardar da ta fi kusa da talaka ita ce ta rabon gado. A zamanin En'e kotun alƙali na karɓar ushira in ta raba dukiyar mamaci, tana rubuta sunansa da na matansa da 'ya'yansa. Ka tambaya a tsohuwar kotun yankinku da gidajen da suka gaji alƙalanci. Gara da ruwa sun ci da yawa, ambaliyar da ta auka wa Gummi a Agustan 2024 ma gargaɗi ce ga duk mai ajiyar takarda a ɗakin ƙasa. Duk wadda ka samu, ko rasit ɗin haraji ne ko na jangali, ka ɗauke ta hoto nan take.

Wurin rubutawa, kowane suna ka sa masa wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, ka sa masa alama daban da abin da mutum ɗaya ya faɗa. Inda aka saɓa, ka rubuta duka biyun. Inda babu suna, ka bar gurbin fili, wani jikanka na iya cike shi. Ka bi layin mata kamar yadda kake bin na maza, da wanda aka sha nono tare, domin wannan ya shafi halaccin aure. Ka shigar da yaran da suka mutu ƙanana. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan ɗari huɗu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, mafi yawansu ba su da takardar haihuwa balle ta mutuwa. In iyayensu mata suka wuce ba a rubuta ba, babu inda za a ga sun taɓa zuwa duniya. Haka waɗanda 'yan bindiga suka kashe ko suka ɗauke ba su dawo ba. Ka yi kwafi uku, ɗaya wurinka, ɗaya wurin gwaggo, ɗaya wurin wani ɗan'uwa a wani gari, muryoyin kuma ka tura su inda ko waya ta ɓace suna nan.

Gwajin asali da ka tambaya, yawu ake tofawa a kwalba a aika waje, kamfani ya kwatanta ƙwayoyin halittarka da na mutanen da ya riga ya tara. Mafi yawan waɗanda ya tara 'yan Turai da Amurka ne, namu kaɗan ne a ciki. Sakamakon zai ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne, wataƙila da kaso kaza daga nan, kaso kaza daga can. Ba zai ba ka sunan uban Nomau ba, ba zai gaya maka ƙauyen da aka ɗauko uwarsa ba, ba zai kuma raba maka gardamar Anka ba sai in 'yan gidan sarautar sun yi irinsa. Kuɗinsa da na aikawa sun isa su kai ka Gummi sau da yawa, da tsarabar kaka, da katin ajiyar murya, har ka rage na motar Kaduna in hutun ƙarshen zango ya zo.